Bayan Haruffan Dalma: Bugun Riga, Rini Ko Dukanci?

Wanda ya gaji injin buga takardu na haruffan dalma a Garwa, Marwa ko Ngaundere, a arewacin Kamaru, ba ya bukatar a gaya masa halin da sana'ar take ciki. Gayyatar aure da ta suna ta koma WhatsApp. Wanda ya nace sai kati, to mai launi yake so, da furanni da ƙyalƙyali, a buga masa da safe ya karɓa kafin la'asar. Ofisoshi kowanne ya ajiye na'urarsa a kan tebur. Abin da ya rage wa tsohon inji bai wuce buga lamba a littafin rasit, huda layin yagewa da ɗan yankan kwali ba, su ma ba kullum ba.

Maganata da mai irin wannan shago ce, amma ba kowanne ba. Akwai wanda ɗab'i a wurinsa kasuwa ce kawai. Shi gobe yana iya rufe ƙofa ya koma sayar da siminti, kuma babu laifi. Wanda nake nufi shi ne mai hannu, wanda ya saba jera baƙaƙe a juye yana karanta su kamar a daidai suke, wanda idonsa ke ganin layi ya karkace tun kafin a ɗora ma'auni, wanda zaman banza ko zaman kanti zai iya sa shi ciwo. Irin wannan mutum hanyoyi huɗu ne a gabansa a yankinmu: ya zauna inda yake, ya koma bugun riguna ta raga, ya shiga rini, ko ya nufi dukanci. Ni dai ba zan ɓoye nawa ra'ayin ba: dukanci, amma ɓangarensa da ya shafi littafi da rubutu, kuma ba tare da an sayar da injin ba. Sai dai kowace hanya da nata dalilin, kuma garin da mutum yake zaune yana iya juya lissafin.

Zama inda ake shi ne abin da zuciya ta fi so, don haka shi ya kamata a fara aunawa da idon basira. Ƙarfen injin ba shi ne matsala ba. Injin Heidelberg ɗin nan mai hannu biyu da ke juyawa yana ɗaukar takarda, wanda ke buga santimita 26 da 38, nauyinsa ya haura tan ɗaya, kuma ko da yake Jamusawa sun daina ƙera shi tun 1985, in ana ba shi mai zai binne mai shi ya binne ɗansa. Abin da ke mutuwa su ne rola, wato abin da ke shafa wa haruffa tawada, da haruffan kansu. Rola irin ta da, wadda ake haɗawa da manne da gilisarin, zafin Maris da Afrilu na Marwa da ke wuce digiri 40 narkar da ita yake yi, hunturu kuma ya busar da ita ta tsuke. Ta roba ta fi juriya, amma ranar da ta cinye sai an aika ta nesa a sake mata riga.

Haruffan kuwa sun fi ban tausayi. Tun zamanin Gutenberg, wanda ya fara wannan bugu a Turai, wajen 1450 a birnin Mainz, haɗinsu ɗaya ne: dalma, kuza da antimoni. Ƙarfe ne mai taushi, kowane bugu yana cin fuskarsa kaɗan-kaɗan, har ranar da "a" da "e" za su ƙare a akwati, don su aka fi ɗiba. Manyan gidajen zubin haruffa na Faransa da ake yo oda daga wurinsu sun rufe tun shekarun 1970. Sai mutum ya ce bari ya tsallaka Yola ko Mubi, ko ya wuce Kano, ya sayo ragowar wani shagon da ya mutu. A nan ma akwai tarko. Harafin tsarin Faransa tsayinsa milimita 23.56 ne, na tsarin Ingila da Nijeriya ta gada kuma 23.32. Bambancin bai kai rubu'in milimita ba, amma in ka haɗa su a layi ɗaya, wani zai huda takarda, wani ko tawada ba zai taɓa ba, sai ka zauna kana cusa takarda ƙarƙashin gajerun. Ga kuma tsohon ciwonmu: akwatin Bafaranshe ba shi da ɓ, ɗ, ƙ, balle ƴ da ŋ na Fulatanci. Abin da mai dalma ke fama da shi da ɗigo da waƙafi, yau yaro yana samunsa kyauta a wayarsa.

Takarda daga Duwala take tasowa, jirgin ƙasa ya sauke ta a Ngaundere, manyan motoci su ƙarasa da ita arewa, kowane zango da kuɗinsa. Tsofaffin sana'ar har yanzu suna tuna Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga waje ya tashi. Wuta kuma ta dogara da madatsar Lagdo, wadda aka gama a 1982. Shekarar da ruwa ya ja baya, kowa ya san yadda ake rabon wutar.

Wani zai ce ai a Amurka da Turai sana'ar ta farfaɗo. Gaskiya ne, tun shekarun 1990 masu kuɗi can suke biyan tsada don katin aure da aka danna harafi ya nutse cikin takardar auduga mai kauri. Amma ɗan'uwa, kada hotunan Instagram su ɗauke maka hankali. Wancan ciniki yana tsaye ne a kan mai saye da ke shafa kati da yatsa ya ji daɗi, da takarda ta musamman da ake kawo wa mutum har ƙofa. Mu namu mai sayen tambayarsa biyu: nawa ne ɗari, yaushe zan karɓa? Zama a kan dalma kaɗai, a ganina, jinkirta rufe shago ne.

Bugun riguna ta raga, wanda aka fi sani da sirigirafi, shi ne ƙofar da ta fi kusa, kuma yawanci ta nan ake fita. Dalili a bayyane yake. Jarinsa kaɗan ne: katakon firam da kafinta zai haɗa maka, raga, maganin da ake shafa mata, robar jan tawada, da tebur. Rana ma tana iya gasa maka zanen a jikin raga, ba sai da lantarki ba, mu kuwa rana ba ta taɓa yi mana rowa ba. Ilimin da ka zo da shi yana aiki nan take: daidaita launi na biyu a kan na farko, sanin kaurin tawada, tsara rubutu ya zauna daram. Mai dalma yakan kama wannan aiki cikin makonni kaɗan, ya kuma fi waɗanda ya tarar tsabtar bugu.

Kasuwarsa tana bin kalanda. A Kamaru akwai 11 ga Fabrairu ta matasa, 8 ga Maris ta mata, 1 ga Mayu ta ma'aikata, 20 ga Mayu ta ƙasa, sannan komawa makaranta a Satumba da tambarin da ake bugawa a aljihun riga. A Chadi ga makon mata a Maris, ga 11 ga Agusta ta samun 'yancin kai. Ƙara da lokacin zaɓe, da ƙungiyoyin agaji da suka cika Marwa tun bayan buɗe sansanin 'yan gudun hijira na Minawao a 2013, kowacce tana son tishat da hula da kyallen taro. Kuɗi yana shigowa da sauri, wannan ba musu.

Amma ƙofar da ta yi maka sauƙin shiga, ta yi wa kowa. Yaro mai kwamfuta da injin manna zane da zafi zai buga riga guda ɗaya mai launi goma, kai kuwa sai an ba ka da yawa kafin wahalar haɗa raga ta biya. Manyan ayyuka ba kyawun bugu ke kawo su ba, sanayya ce, kuma sau da yawa daga Duwala ko Yawunde ake zuwa da su a buge. Wanda ya samu na ofis ko na siyasa kuma ya san zaman jiran biya. Abin da ya fi damuna shi ne wannan: mai dalma da ya koma sirigirafi bai bar matsalarsa ba, ya canza mata riga ne kawai. Har yanzu aikin wani yake bugawa, da zanen wani, a farashin da wani ya yanka, kuma har yanzu injin zamani yana bin sawunsa. In akwai iyali da haya da ke jiran kuɗi ƙarshen wata, a yi shi, yana riƙe gida. Ban dai ɗauke shi matsayin wurin da mai hannu zai tsufa ba.

Rini shi ne ya fi jan ido, shi ne kuma na fi jin tsoron tura mutum. Na gargajiya, na baba da toka a karofi, ilimi ne na gado. Marini yana gane ruwan ya nuna daga kumfarsa da warinsa, abin da ba a koya a wata uku. Tun da kamfanin BASF na Jamus ya fito da shuni na kanti a 1897 ake ta rufe karofi ɗaya bayan ɗaya, har a Kano da ta fi kowa suna a wannan fage. Abin da ke tafiya yau shi ne rinin shadda da launin kanti, da soda mai cin hannu da hodar da ke shaƙe numfashi, kuma a wannan Bamako ta riga kowa. Matanmu in sun tashi sayen rinanniyar shadda, ta Mali suke tambaya. Akwai wuri ɗaya da mai dalma ke da fifiko: sassaƙa hatimin katako da ake tsomawa a kakin zuma ko kyandir a danna a yadi kafin a rina. Wanda ya saba tunani a juye zai sassaƙa shi da kyau, ya kuma jera shi ba tare da layi ya gudu ba. To amma rini ruwa yake sha, ba kaɗan ba. Mutumin Garwa yana da Binuwai, na Kusiri da Njamena suna da Logon da Shari. Na Marwa fa, da koginsu Mayo Kaliyawo ke zama rairayi mafi yawan shekara? Sannan ina za ka zubar da ruwan soda ba tare da kun ɓata da maƙwabta ba? Duk da audugar da kamfanin SODECOTON ke saye a yankin tun 1974, farar shaddar da za ka rina daga waje take zuwa. Idan akwai marini a dangi, ko matarka tana yi, sai ka zama mai sassaƙa mata hatimi da tsara zane. In babu, ka bar shi.

Yanzu dukanci. Babban abin da ya raba shi da sauran ukun shi ne kayan aikinsa a ƙofar gida suke. Takarda, tawada, raga, shadda, launi, duk sai sun hau jirgin ruwa. Fata kuwa daga mahauta take fitowa, bagaruwar da ake jeme ta da ita a dajinmu take, jan launi daga karan dafi, baƙi daga kuloko, man da ake shafa mata na gyaɗa ne. Marwa ta daɗe da suna a jima da dukanci a duk Kamaru, kamar yadda Abeshe ta yi suna a Chadi. Ba wuta ake bukata ba: wuƙa mai kaifi, basilla, zare, guduma, dutsen wasawa da katakon yanka. Kai ba jima za ka yi ba, wannan sana'ar majema ce da nata wahalar da nata mutanen; kai jemammiya za ka saya.

Sai dai a nan ne mutane ke kuskuren shiga. Suna zuwa cibiyar masu sana'ar hannu da ke bakin babbar kasuwar Marwa, su ga jakunkuna da takalma da tum-tum da alabe, su ce su ma haka za su yi. Waɗannan kaya an gina kasuwarsu ne a kan baƙi masu zuwa yawon buɗe ido Waza da Rumsiki. Tun da aka sace iyalin Faransawan nan kusa da Waza a Fabrairun 2013, aka kuma kai hare-haren bam cikin Marwa a Yulin 2015, ƙafar baƙi ta ɗauke. Dukawan da suka gaji abin tun kaka da kakanni suna nan zaune da kaya, kai sabon shiga me za ka fi su da shi? Takalmi kuma na roba daga Sin ya karya shi. Kayan doki na hawan sallah a fadar Lamiɗon Garwa, ko Ngaundere, ko Rai Buba, suna da masu yinsu da fada ta sani, ba a kutsawa. Fatar kada, mesa da guza ma ka nisance ta: yarjejeniyar CITES ta 1973, ta kare namun daji, ta sa ba a ƙetare iyaka da ita sai da takarda, mai saye zai iya rasa kayansa a filin jirgi.

Gurbin da yake naka shi ne inda fata ta haɗu da rubutu. Yankin nan, daga Borno zuwa Kanem har Adamawa, ƙasar allo ce. Alƙur'ani mai warwaren ganye, rubutun hannu ko bugun da ya kwaikwayi rubutun hannu, ba a ɗinke shi. Tadarishi ake sa shi, wato bangon fata, a zura a gafaka, jakar fata ta littafi. Kowane alaramma, kowane gardi, kowane yaron da ya yi sauka mai saye ne, kuma ba ya jiran jirgin Turawa. Ta ɗaya gefen ga jami'o'i uku a jere: Ngaundere tun 1993, Marwa tun 2008, Garwa tun 2022, kowace shekara da ɗalibai masu kundin kammala karatu da ke son bango mai tauri da suna a gaba. Ga manyan littattafan rajista na ofis da na asibiti da ke yagewa a gindi, ga tsofaffin littattafan malamai da gara da damina suka taɓa, masu su na neman wanda zai gyara ba tare da ya yanke hashiya ba.

Duk wannan aikin mai dalma ne da aka sauya masa shimfiɗa. Ka san takarda da inda take son lanƙwasa. Ka san yanka a miƙe, ninki, ɗinkin littafi, da manne. Abu mafi muhimmanci, ka san dannawa. Fatar da aka jeme da bagaruwa, in aka ɗan jiƙa ta aka danna mata zane, tana riƙe shi har ta tsufa, saɓanin fatar kamfani da aka jeme da sinadari, wadda sai da zafi take karɓa. Baduku na gargajiya yana yin adonsa da ƙarfe da guduma, ɗigo bayan ɗigo, kuma da wuya ya rubuta suna ya fito a miƙe. Kai injinka zai danna sunan mai littafi, da bokon ko da ajami, da zayyana kewaye, a bugu ɗaya, guda hamsin duk iri ɗaya. Wannan ne abin da babu mai shi a layin dukawa. Haruffan dalma za su yi maka ɗan aiki kaɗan kafin su murƙushe, don haka zanen da za ka riƙa maimaitawa gara ka kai wa masu zubin tagulla su zuba maka, ko ka sassaƙa a katako mai tauri.

Ba zan ce babu ɗaci ba. Kuɗin dukanci a hankali yake zuwa, ba kamar na riguna ba. Fata ba takarda ba ce da kowace ke daidai da 'yar'uwarta: wata da tabon ƙaya, wata wuƙar mahauci ta huda ta, wata kauri a wuya siriri a ciki, kuma sai ka yi asara kafin idonka ya iya zaɓe. Wadda ba a jeme da kyau ba tana wari, da damina ta yi fumfuna, mai saye kuma ba majemi zai zaga ba, kai zai zaga. Kirgi yana tsada saboda masu saye suna kwashe fatar shanu zuwa Nijeriya inda ake cin ta ganda. Sa'arka ita ce aikin littafi fatar akuya da ta tunkiya yake so, su kuwa bayan layya suna yawaita. Fiffige bakin fata har ya yi siriri ya naɗu a kan kwali, wannan sai an zauna gaban mai shi. Akwai kuma maganar girma. Wanda aka saba kira maigidan maɗaba'a zai koma ya durƙusa gaban tsohon baduku, ya ce masa Baba, ya wasa masa wuƙa, ya share masa rumfa, wasu 'yan'uwa ma su ce ya ci baya. Wanda ba zai iya haɗiye wannan ba, kada ya fara.

Gari ma yana da tasa maganar. A Marwa dukanci ya fi dacewa, majema na kusa, ruwan rini kuma babu. A Garwa da Ngaundere, inda ofisoshi da kamfanoni suka fi yawa, haɗa biyu ya fi: sirigirafi ya ciyar da gida a watannin bukukuwa, ɗaurin littafi ya cike sauran. Mutumin Kusiri yana da gadar Ngeli da ke tsallaka shi Chadi, kuɗi ɗaya ne da Njamena, kuma babban birni yana da masu sayen abu mai kyau don kyauta. Shi zai iya kai kayan fata masu suna can ya samu farashin da Marwa ba za ta ba shi ba.

Kafin ka yanke, gwada da ƙaramin abu. Sayi fatu kaɗan, ka yi tadarishi da gafaka da bangon kundi, ka danna musu suna, ka nuna wa alaramman unguwarku da ɗaliban da ke zuwa buga takarda. Kada ka tambaye su ko ya yi kyau, kowa zai ce ya yi. Faɗi kuɗin, ka ga wa zai sa hannu a aljihu.

Injin kuwa, ko wace hanya ka bi, kada ka ba masu sayen ƙarfe a kilo. Bayan danna fata, yana yanka kwali ya yi masa layin ninki, kuma masu kilishi, sabulu, turare da zuma kullum suna neman abin zuba kaya mai sunansu, musamman tun da dokar hana siririyar leda ta fara aiki a Kamaru a 2014, ko da yake ledar ba ta ɓace ba. In wuri ya yi maka ƙunci dole sai an rabu, nemi mai yankan kwali ka sayar masa da shi yana aiki. Haruffan da suka mutu kuma kada a narka su a tsakar gida, kada a bar yara su yi wasa da su. Gubar dalma ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Ka ware masu sauran fuska, musamman manyan baƙaƙe da na katako da layukan ado, don su za ka fara danna fata da su. Ragowar ka ɗaure a buhu ka kai wa masu zubi.